Tambayar da ban yi wa uwar yaron ba

A ƙarshen watan nan zan bar sashen yara na asibitinmu bayan shekara 11, kuma cikin duk abin da na gani a wurin babu wanda yake yawan dawo mini a rai kamar lamarin wani yaro ɗan shekara uku da ake kawowa daga unguwar Mabera da ke Sakkwato. Sau uku muka kwantar da shi a hunturu guda saboda limoniya, ƙirjinsa yana fito, haƙarƙarinsa suna lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi. Kowane zuwa uwar nake ɗora wa laifi. Na ce tana barinsa cikin ƙura, na ce tana goya shi a bakin murhu, har na taɓa ɗaga mata murya a gaban sauran mata, ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Malama, za a kiyaye."

A kwanciya ta huɗu uban ne ya miƙo mini katin, sai warin sigari ya bugi hancina daga rigarsa. Na ja matar gefe, ta gaya mini cewa ɗaki ɗaya suke kwana, maigida yana sha da dare, kuma saboda sanyi ana rufe taga a saki labule. Da na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa tun farko, sai ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta, kuma ba da bakinta za a ji sirrin mijinta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ya jawo ba, domin mun karanta a makaranta cewa hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu haddasa ciwon daji, kuma yaron da yake shaƙarsa ya fi saurin kamuwa da limoniya da asma da ciwon kunne, tunda hanyoyin iskarsa ƙanana ne kuma ya fi babba saurin numfashi. Uwar ma ba ta tsira ba, don da aka auna ta an samu jininta ya hau. Hayaƙin yana lahanta bangon jijiyoyin jini, yana sa jini saurin dunƙulewa, yana rage iskar da ke isa zuciya, shi ya sa wanda bai taɓa kunna sigari ba amma yana zaune da mai sha, haɗarin ciwon zuciyarsa yake ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan hayaƙi yana kashe sama da mutum miliyan 1 a shekara. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma ba ta shiga ɗakin kwana.

Na nemi shugaban sashenmu ya ƙara layi ɗaya a katin, a riƙa tambayar ko akwai mai shan sigari ko shisha a gidan. Ya ce in daina shiga tsakanin miji da mata, aikina allura da magani. Na ci gaba da rubuta tambayar da biro a gefen kati, kuma na koyi cewa uba ya fi sauraro idan aka kira shi shi kaɗai aka ce masa "Alhaji, don yaron nan", maimakon a kunyata shi. Buɗe taga ba ya wadatarwa. Sai dai a fita waje gaba ɗaya.

Uban yaron ya koma sha a ƙofar gida, kuma hunturun da ya biyo baya ba mu kwantar da ɗansa ba. A taron ranar yaƙi da shan taba ta 31 ga Mayu, shugaban namu ya gabatar da tambayar a matsayin sabon tsarin da ya ɓullo da shi, ina zaune a layi na uku ana tafa masa.