Asabar, 15 ga Fabrairu 2025, Munich

Yau sanyi ba a magana, ga 'yan sanda sun toshe titunan tsakiyar gari saboda taron tsaron da manya ke yi a otal ɗin Bayerischer Hof, sai da na yi doguwar zagaye kafin na isa wurin aiki. A cikin jirgin ƙasa kowa ya duƙufa kan waya, kuma duk zancen ɗaya ne, jawabin da mataimakin shugaban Amurka JD Vance ya yi jiya.

Wai shi ba Rasha ko Chaina ce ta fi ɗaga masa hankali game da Turai ba, matsalar a cikin gida take, an toshe bakin mutane, an soke zaɓe a Romaniya. Bai tsaya nan ba sai da ya je ya zauna da Alice Weidel ta jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi, alhali ranar 23 ga wata za a yi zaɓe a nan Jamus. Ministan tsaro Pistorius ya ce ba za su lamunta ba, yau kuma shugaban gwamnati Scholz ya ce ba wani na waje da zai tsoma musu baki a dimokuraɗiyyarsu. Ga shi ran Laraba Trump ya kira Putin kan batun Yukren ba tare da ya tuntuɓi Turawa ba, abin ya taru ya yi musu yawa.

Lokacin hutu a ɗakin shan kofi rigima ta ɓarke. Wata dattijuwa Bajamushiya da muke aiki tare, ni Mama nake ce mata ta saba har tana amsawa, ta ajiye kofinta da ƙarfi har ya fantsala kan tebur, ta ce ai ba yau aka fara ba, a wannan taron ne a 2003 ministan harkokin wajen Jamus Joschka Fischer ya kalli sakataren tsaron Amurka Rumsfeld ido da ido ya ce masa bai gamsu da hujjar yaƙin Iraƙi ba. Aka kira Jamus da Faransa tsohuwar Turai, a kantin majalisar Amurka har sunan soyayyen dankalin nan da ake kira French fries aka canza don a ƙuntata wa Faransa, to ina makaman ƙare dangin da sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya je Majalisar Ɗinkin Duniya yana faɗa? Ba a samu ba. Wani saurayi ɗan Polan ya taso mata, ya ce ku kuna da bakin magana tunda ba ku ne a bakin iyakar Rasha ba, mu in Amurka ta janye wa zai tsaya mana, shi ya sa ma ƙasarsa ta tura sojoji Iraƙi a lokacin. Kuma wallahi tsoronsa na gaske ne, na gani a fuskarsa.

Ni kuma na ce batun Romaniya dai akwai abin dubawa, soke zaɓe ba ƙaramin abu ba ne ko wa ya yi shi. Kafin na rufe baki Mama ta ce au kai ma ka koma can? Da na ƙara da cewa zama da AfD a wannan lokacin bai dace ba, mu baƙi mu ne za mu kwana a ciki, musamman bayan motar da aka afka wa masu zanga-zanga da ita shekaranjiya a nan Munich, ga shi baƙo ne aka kama, kowa yana kallonmu a titi, sai ɗan Polan ya ce to ai kai ɗan adawa da Amurka ne. Minti biyar ba a yi ba an jefa ni ɓangare biyu!

Wannan shi ke ci min rai. Mutum ba zai iya cewa nan ka yi daidai can ka yi kuskure ba sai an tambaye shi na wa ne shi. Faransa da Jamus da suka ce a'a a 2003 ba maƙiyan Amurka ba ne, sojojinsu na Afganistan tare da ita a lokacin, gaskiya kawai suka faɗa wa aboki aka mayar da su maciya amana.

Da daddare Yaya ya kira daga gida, ya ji labarin a DW Hausa, yana tambaya ko AfD ta ci za a kore mu. Na ce masa Yaya ka kwantar da hankalinka, sauran jam'iyyu sun ce ba za su kafa gwamnati da ita ba, kuma wannan katangar ce dai Vance yake cewa a rushe. Gobe ina da aikin safe.