Kafin ka zuba kuɗinka a keke mai shoka biyu

Ɗan yayata ne ya miƙo min waya shekaranjiya bayan la'asar, wai Kawu duba wannan, shi zan saya in an biya mu. Keke ne ja, shoka gaba shoka baya, taya mai manyan haƙora, an rubuta giya 21 a jikinsa ɓaro-ɓaro. Yaron nan daga Samaru zai riƙa zuwa Sabon Gari wajen koyon aiki, ran Asabar ya bi burji zuwa gonar babansa wajen Shika, wani sa'in su yi wajen Kufena da abokansa. Na ce masa kar ka saya. Sai ya yi min kallon nan da yaran yanzu suke yi wa babba, wato kai dai zamaninka ya wuce, ai ni na gani a TikTok. Wallahi abin ya min ciwo, don irinsa sak na taɓa saya da kuɗin adashina.

Ni ma kyansa ne ya ja ni. Na ɗauka tunda hanyata rabi kwalta ce rabi burji, to mai shoka biyu shi ne maganin duka. Ashe shokar baya ta keke mai araha sifirin ne kawai, duk taka feda ɗaya sai keken ya lotsa ya taso, ƙarfin da ya kamata ya tafi taya yana ƙarewa a lilo. Ga nauyi. Ga tayar nan mai haƙora tana gurnani a kwalta tana riƙe ka, dattijo a kan tsohon Phoenix ɗauke da buhun masara sai ya wuce ni yana tafiyarsa a natse. Damina ɗaya mahaɗar shokar ta saki, bayan keken ya fara rawa, na sayar da asara. Amma fa a yi min adalci, lokacin wa zan tambaya? Duk unguwarmu Phoenix da Raleigh aka sani, mai shagon kuma kayansa yake son sayarwa, ba zai ce min kar in saya ba.

A keke na biyun ne ba ni da uzuri sosai. Na ce yanzu na waye, da kaina zan haɗa. Na samo firam ɗan gwanjo na alminiyom, mara nauyi, farashi mai daɗi, sai dai ya yi min girma kuma na sani tun a wurin, in na tsaya a kansa ƙarfen sama yana tokare ni. Na ce zan saba. Ban saba ba, bayana da wuyan hannuna suka biya kuɗin arahar. Na sa masa birkin faifai mai aiki da mai na kamfanin Shimano, ranar da ya yi laushi na kai wa mai gyaranmu, bawan Allah ya ɗura masa man birkin mota don shi ya sani, alhali na Shimano wani mai ne daban, robobin ciki suka kumbura birki ya mutu gaba ɗaya. Na yi masa faɗa a gaban mutane, abin da har yau nake jin kunyarsa, don ni da na sayo kayan ban san bambancin ba, ina ga shi?

Sai maganar bawul. Tayoyin da na sayo masu bawul ɗin nan ne siriri na keken tsere. Tsidau ya huda min taya a hanyar gona, na tura keke cikin rana har wajen mai faci, ya yi facinsa tsaf, aka zo ba da iska bakin famfonsa ya ƙi kama bawul ɗin. Muka tsaya muna kallon juna. Sarƙar ma haka, mai giya 11 na sa a baya don an ce ita ake yayi, siririya ce, da ta gaji babu irinta a kusa sai an aiko daga Legas. Ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya ya lanƙwashe, shi kuma kusan kowane firam da irin nasa, keke ya yi ta zama a soro. Ƙarshe firam ya tsage kusa da sirdi, mai walda ya duba ya ce shi baƙin ƙarfe yake yi, alminiyom ba aikinsa ba ne. Duk da haka ba zan ce keken bai yi daɗi ba, in yana lafiya ba abin da ya kai shi a hawan tudu, kuma ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau. Laifina shi ne na haɗa keken da ba mai iya gyara shi a garin da nake.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa amma na san ba karantawa za ku yi ba, ku da ba kwa iya kallon bidiyon minti uku har ƙarshe. To ga kaɗan. Fara da girman firam, ka je ka hau ka tsaya a kansa, in ba sarari tsakaninka da ƙarfen sama ka bar shi ko kyauta ne. Hoto ba ya gaya maka wannan. Firam na baƙin ƙarfe mara shoka ya ishe ka kwalta da burji, in ya tsage kowane mai walda zai kama maka. Shoka ta gaba kaɗai, to, in da gaske duwatsu za ka riƙa hawa ka sa, amma mai kyau, mai arahar nauyi ce kawai ka ɗora wa kanka.

Kuɗinka ka zuba a taya da gargare. Taya mai faɗin milimita 40 zuwa 50, tsakiyarta sumul-sumul gefenta da ƴan haƙora, gargare mai waya 32 ko 36, lamba 26 in kana son wadda za ka samu tayarta ko a kasuwar ƙauye. Bawul irin na mota. Giya 7 ko 8 a baya, sarƙarsu ɗaya ce kuma tana ko'ina. Birki mai waya, na roba ko na faifai, duk wanda mai gyaran unguwarku ya iya. Kuma dan Allah ku daina zuba wa sarƙa baƙin mai, ƙurar hunturu yake kamawa ya cinye haƙoran giya, ka goge ta da tsumma ka ɗiga mai kaɗan.

Kar ka haɗa keken farko da kanka, sayi haɗaɗɗe ɗan gwanjo ka canza taya kawai. Ko da yake duk abin da na sani a wajen haɗawar nan na koye shi, don haka in ka nace ka haɗa, amma ka tafi da mai gyaranka kasuwa, duk abin da ya juya a hannu ya ce bai san shi ba ka ajiye. Ka kuma rage kuɗin fitila gaba da baya da hular kwano, don ƴan adaidaita ba sa ganin mai keke bayan magariba.