Daren da aka ɗauke wuta a kan samfurina

Har yau in na tuna daren nan sai raina ya ɓaci. Wata huɗu na aiki, da kuɗin sinadaran da na haɗa da ƙyar, duk suka bi ruwa.

Binciken digirina na biyu a nan Katsina a kan sankarar mama ne, yadda take barin inda ta tsiro ta kama hanya. Akwai ƙwayar gado mai suna CDH1, ita ke samar da E-kadarin, danƙon da ke manne ƙwayoyin halitta da juna. Kafin danƙon nan ya ƙare, ba dole sai rubutun DNA, wato bayanan gado da ke cikin ƙwayar halitta, ya canja ba. Ɗigon wani ɗan sinadari mai suna metil ake liƙawa a bakin ƙwayar gadon, kamar a garƙame ɗaki da kwaɗo, kaya na ciki amma ba mai shiga. Danƙo ya ƙare, ƙwayar cutar ta saki 'yan uwanta, ta sauya siffa, ta gangara hammata.

Don a ga kwaɗon, sai a jiƙa DNA a sinadarin baisalfait na awa 16 a zafin digiri 50. Sitosin ɗaya ne daga haruffan rubutun DNA. Wanda babu metil a kansa ya rikiɗe, mai metil ya tsaya yadda yake. Na kunna na'urar ɗumama ruwan bayan la'asar na tafi gida Ƙofar Ƙaura. Cikin dare aka ɗauke wuta, ba wanda ya tayar da janareta, ruwan ya huce. Da safe wuta ta dawo, ban san komai ba.

Sakamako ya fito, kowane samfuri a garƙame. Har gida na buga waya don murna. Malamina ya duba ya ce, "Malama, ina na lafiyayyen nama?" Wato naman da ba shi da cutar, na kwatantawa. Ban saka ba. Tsumulmular sinadari nake yi. Da na saka, a wannan kwalbar sinadarin da na riga na ɓata, shi ma ya fito a garƙame. Sitosin ɗin da bai gama rikiɗewa ba kamarsa ɗaya da mai metil, na'ura ba ta bambance su.

Sai da na jira sabbin sinadarai daga Legas. Da na sake, wasu samfura ne kawai ke da kwaɗon, har cikin ƙari guda gefe da tsakiya suka saɓa. A wasu kaluluwar hammata kuwa E-kadarin ya dawo, wato ƙwayar cutar ta sake buɗe ɗakin bayan ta isa masauki. Wannan buɗewar ce ta fi ba ni tsoro, ita ce kuma dalilin magani irin azasitidin, wanda Amurka ta amince da shi a 2004 don wata cutar ɓargo, yana hana a sake liƙa metil.

Duk mai shirin wannan aiki, kada ya kuskura ya bar lafiyayyen samfuri don tsimin sinadari. Ni yanzu ranar baisalfait da tabarmata nake zuwa, da galan ɗin fetur na kaina.