Godiya Bayan Zaman Tarbar Sababbin Zuwa Finlan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, zaman da aka shirya wa 'yan'uwa sababbin zuwa Finlan ya gudana ranar Asabar, an kuma watse lafiya. Muna godiya ga iyayenmu maza da mata, da yayye da ƙanne na Helsinki da Espoo da Vantaa, har da waɗanda suka hawo jirgin ƙasa daga Tampere da Turku. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Waɗanda aiki ya hana su zuwa sun roƙi a rubuta musu abin da aka tattauna, shi ya sa muka haɗa godiyar da bayanin.

Godiya ta farko ga Baba, dattijonmu da ya buɗe zaman da maganar takardu. A ƙasar nan takarda ce ke buɗe wa takarda ƙofa, wanda ya tsallake ɗaya sai ya dawo baya. Bayan izinin zama daga Migri, hukumar shige da fice, sai ofishin rajistar jama'a, wato DVV. Lambar nan ta henkilötunnus mai gurbi 11, wadda ke farawa da ranar haihuwa, da yawa sukan same ta tun a katin izinin zama, sai su ɗauka an gama. Da saura. Rajistar adireshi da ta kotikunta, wato garin da hukuma ta san kai mazauninsa ne, aiki ne daban, kuma sai mutum ya je da ƙafarsa an ga fasfo. Da kotikunta ake ganin likita a asibitin unguwa a farashin mazauna. Mai iyali ya riƙo takardar aure da ta haihuwar yara, na asali, waɗanda ma'aikatar harkokin waje ta gida da ofishin jakadancin Finlan suka tabbatar. Wadda aka rubuta da Faransanci ko Larabci sai an fassara ta zuwa harshen Finlan, na Suwidin ko Turanci, a hannun mai fassarar da hukuma ta amince da shi. Mazauna yankin babban birni suna iya samun yawancin ofisoshin nan a rufi ɗaya a International House Helsinki.

Daga nan sai ofishin haraji, Vero, a karɓi verokortti kafin albashin farko. Idan babu shi, doka ta ce mai aiki ya cire kashi 60 cikin 100. Kuɗin ba ya ɓata, amma dawowarsa na ɗaukar lokaci, ga haya na jira. Sai katin shaida daga 'yan sanda, domin yawancin bankuna da shi suke ba da lambobin shiga banki ta intanet. Lambobin nan sun wuce na duba kuɗi: da su ake shiga Kela, hukumar tallafin jama'a, da haraji, da bayanan asibiti na OmaKanta, da su kuma ake sa hannu a kan bashi. Ba a bai wa kowa su, ko ɗan'uwa, ko wanda ya kira waya ya ce daga banki ko ofishin 'yan sanda yake.

Baba ya daɗe a kan wasiƙu, kuma muna ganin nan ne ya fi cancanta a daɗe. Hukuma a nan ba ta aiko ɗan aike, ambulan take turowa. Kalmar lasku na nufin takardar biya, eräpäivä ranar ƙarshe ce, viitenumero kuma lambar da ake rubutawa wajen biya don a gane kuɗin na wane ne. Idan rana ta wuce, tunatarwa ta zo da ƙarin Yuro 5, sannan kamfanin karɓar bashi, sannan kotu, a ƙarshe a sa wa mutum tambarin rashin biya. Mai wannan tambari yakan sha wuya wajen samun gidan haya ko layin waya na wata-wata. Maganinsa kira ɗaya ne kafin ranar ta cika, a roƙi ɗage rana ko biya kaɗan-kaɗan, galibi kuma ana yarda. Wanda ya sauya gida ya sanar da DVV da gidan waya cikin mako ɗaya, ya tabbatar sunansa na jikin ƙofa. Sabunta izinin zama kuwa a nema tun na hannu bai ƙare ba.

Godiya ta musamman ga yayanmu mai aikin kula da gine-gine, wanda ya zo da tiyo da murfin magudana a jaka ya nuna komai ido da ido. Ya ce abin da ya fi jefa baƙi cikin babban bashi a gidajen haya ruwa ne. Daɓen ɗakuna katako ne ko dangin katako, ruwa na shiga ƙarƙashinsa ya sauka kan maƙwabcin ƙasa, gyaran kuma sai an fasa an busar na makonni. Saboda haka alwala da wanki a banɗaki kaɗai, inda akwai magudana, kuma ba a kwara ruwa a wanke daɓen falo ko kicin, tsumma mai laima ya isa. Ɗan tiyon tsarki da ke gefen masai alheri ne babba, sai dai yana aiki ne idan famfon wanke hannu na buɗe. Idan an gama a rufe famfon, in ba haka ba tiyon na nan cike da matsin ruwa, wata rana ya fashe babu kowa a gida. Injin wanki ma yana da nasa famfo, a rufe bayan kowane wanki, kuma kada a kunna shi a fita. Magudanar banɗaki ana ɗaga murfinta lokaci-lokaci a cire gashi da sabulun da ya taru. Man suya ba ya shiga sinki, yana daskarewa ya toshe bututu: a bar shi ya huce, a zuba a kwali ko kwalba, a rufe a kai shara. Duk wanda ya ga ɗigo, ko ƙarami ne, ya kira lambar masu kula da gini da ke manne a allon ƙofar shiga. Jinkirin sanarwa kan juya laifi ya koma kan ɗan haya. Inshorar gida, kotivakuutus, yawancin masu gida sharaɗi suke sa ta, a duba ta ƙunshi ɓarnar da mutum ya jawo wa wasu.

A kan ɗumi ya ce ɗaki yakan tsaya digiri 20 zuwa 22. Mai jin sanyi ya ƙara riga da safa, kada ya buɗe murhun gashi don ɗumama gida, kada kuma ya toshe ramukan iska da tsumma, domin laima na taruwa bango ya yi fumfuna. In za a sha iska a hunturu a buɗe taga sosai na minti biyar zuwa goma a rufe. Tagar da aka bari a buɗe a kan ƙarfen ɗumama ɗaki na iya daskarar da shi ya fashe. Iyayenmu mata sun tambayi turaren wuta. Gawayi a rufaffen ɗaki na fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, don haka kaskon lantarki ya fi, kuma ko da na'urar jin hayaƙi ta yi ƙara, ba a cire mata batir ko a ɗaure ta da leda. Ba a shanya kaya a sauna, ɗakin zafi na yin gumi, gobara ce. Ƙofa tana kulle kanta, in ka bar makulli a ciki masu kula da gini suna buɗewa a biya su, amma sai sunanka na cikin rajistar mazauna gidan. Kuɗin ajiyar haya ba ya wuce na wata uku a doka, kuma ba a biya sai an ga gida an sa hannu. Ranar shiga a ɗauki hoton duk wani tabo. Ɗan haya mai yarjejeniyar da ba ta da wa'adi yana ba da sanarwar tashi ta wata ɗaya, ana ƙirgawa daga ƙarshen watan da ya bayar.

Muna godiya ga iyayenmu mata da suka tattaro kayan sanyi, da 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya da ta yi bayanin jiki. Sutura hawa uku ce: ta ciki ta ulu ko yadi mai fitar da gumi, ban da auduga domin tana riƙe laima, ta tsakiya mai kauri, ta waje mai tare iska. Takalmi ya ɗara ƙafa kaɗan ya ɗauki safar ulu, matsattse sanyi yake ƙarawa. A tsakiyar Disamba hasken rana a Helsinki bai cika awa shida ba, a arewa ya fi haka gajarta. Azahar da La'asar da Magariba sukan faɗo cikin kimanin awa uku, mai aiki ya shirya da shugabansa tun da wuri yadda zai yi amfani da hutunsa. Kowa ya rataya heijastin, ɗan abin nan mai walƙiya idan fitila ta haska shi: direba na hango marar shi daga kimanin mita 50, mai shi kuwa daga mita 350. Fata mai duhu da suturar da ta rufe jiki na rage bitamin D da jiki ke samu daga rana, shi ya sa hukumomin lafiya suka ba irinmu manya shawarar maikirogiram 20 kullum, rani da hunturu. Na yara a tambaya a neuvola, asibitin masu ciki da ƙananan yara, wanda kyauta ne. Iskar ɗaki busasshiya ce, man kaɗanya na aiki a nan fiye da gida. Lambar ceton rai 112. Ciwon da ba zai jira safiya ba amma bai kai na motar asibiti ba, a kira 116117 kafin a fita. Wanda bai ji harshe ba ya nemi tafinta lokacin karɓar rana, kada ya sa ɗansa ya fassara masa ciwonsa. Ranar ganin likita da aka ƙi zuwa ba a soke ba tana jawo tarar da ta haura Yuro 50.

Malama, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, Allah Ya ƙara basira. Ta faɗi magana mai nauyi cikin hikima: tun 1984 doka ta hana dukan yaro a Finlan, har da mari da jan kunne, kuma wajibi ne malami ko nas ya sanar da hukumar kare yara idan ya ga alama. Sanarwa ba ƙwace yaro ba ce, yawanci tattaunawa da taimako ake farawa da su, amma ɓoye-ɓoye da ƙin amsa kira na dagula lamari. Gurbin gidan renon yara ana nemansa wata huɗu kafin buƙata. Yaro na shiga share fage a shekara 6, aji ɗaya a shekara 7, sabon zuwa kuma yakan fara da ajin koyon harshe na kusan shekara guda. Saƙon makaranta ta manhajar Wilma yake zuwa, a riƙa dubawa kullum. Abincin rana kyauta ne, a cike takarda cewa yaro ba ya cin alade. Yara na fita wasa waje ko dusar ƙanƙara na zuba, a rubuta suna a jikin kowace riga da safar hannu. Abin da ya fi faranta mana: garuruwa da yawa na koyar da yara harshen gidansu awa biyu a mako idan an samu isassun ɗalibai da malami. Ba dole ba ne a kan hukumar gari, amma sai an nema ake samu, don haka a rubuta Hausa a matsayin harshen uwa tun a rajistar DVV.

Masu girki, hannunku ya yi albarka. Ga kalmomin da suka ce a haddace kafin shiga kanti: sika, porsas da possu duk alade ne, kinkku da pekoni daga gare shi suke, niƙaƙƙen nama mai rubutun sika-nauta gauraye ne, liivate kuma da ke cikin alewa da kek galibi daga alade ake yinsa. Naman halal na samuwa a shagunan unguwannin Itäkeskus da Hakaniemi a Helsinki. Maito madara ce, piimä ya fi kusa da nono, hirssi gero ne, mai marmarin fura ya gane. Mai dawowa daga gida kada ya ɗauko kilishi, dambun nama ko man shanu, an hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai, kwastan na ƙwacewa. Ruwan famfo na sanyi ana sha. Gwangwani da robar lemo ba shara ba ne, injin kanti na biyan santi 15 kan gwangwani, 10 zuwa 40 kan roba.

Ƙanenmu da ya yi maganar aiki da sufuri, mun gode. Babu mafi ƙarancin albashi guda ɗaya a doka, kowace sana'a da yarjejeniyarta mai suna TES, a nemi sunanta a takardar ɗaukar aiki, a riƙa rubuta awannin da aka yi. Ɗalibi ba ya wuce matsakaicin awa 30 a mako. Tikitin HSL, hukumar sufurin yankin Helsinki, ana saye kafin a hau, tarar rashinsa Yuro 100. Mai tura yaro ɗan ƙasa da shekara 7 a keken jariri yana hawa kyauta. Bas sai an ɗaga masa hannu.

Ba za mu manta da maƙwabtanmu 'yan ƙasa ba, waɗanda suka ba mu ɗakin taro suka kuma zauna har ƙarshe. Sababbin zuwa su sani shirun mutanen nan ba ƙiyayya ba ce, kunyar kutsawa cikin harkar wani ce, in an tambaye su suna taimakawa da gaske. Abin da suke so kaɗan ne: ƙarfe biyu ya zama ƙarfe biyu, a cire takalmi a bakin ƙofa, a kiyaye layin ɗakin wanki, a rage hayaniya daga 10 na dare zuwa 7 na safe. Mai suna ko walima ya manna sanarwa a ƙofar shiga kwana biyu kafin nan.

Akwai ragowar rigunan sanyi na yara da takalma, mai buƙata ya yi magana a zauren WhatsApp. Masu kuloli da faranti su zo su karɓa, an wanke. Asabar mai zuwa bayan Azahar za a zauna karanta wasiƙu, kowa ya zo da duk ambulan ɗin da ke gidansa, har waɗanda bai buɗe ba.