Damashƙa a bayan jan bulo

Jiya na leƙa Leighton House, wani gidan tarihi a unguwar Kensington, nan Landan. Daga waje jan bulo ne kawai, ba wani ado, har na kusa wuce ƙofar. Ashe abin kallon yana ciki.

Mai gidan, Frederic Leighton, mai zanen hotuna ne na zamanin Sarauniya Victoria. George Aitchison ya tsara masa ginin a shekarun 1860, suka yi ta ƙari a kai har kusan shekara 30.

Inda ƙafata ta kafe shi ne Zauren Larabawa, wanda aka fara ginawa a 1877. Bango cike da tayil shuɗi da kore, akasarinsu daga birnin Damashƙa na ƙasar Siriya, sama ƙubba mai ruwan zinariya, tsakiya ɗan kududdufi ruwa na ɓulɓulowa a hankali. Ina ɗaga kai sai ga Bisimilla da farkon Suratur Rahman. Na tsaya ina bin ayoyin da baki, har wata dattijuwa ta matso tana tambayata me aka rubuta.

Gaskiya raina ya ɗan sosu. Tayil ɗin nan daga bangon wasu aka ɓamɓaro su, komai kyawun adanar da aka yi musu a nan.

Sai na hau bene. Duk girman gidan, ɗakin kwanan maigida ɗan tsukuku ne, da gado na mutum ɗaya, kuma babu ɗakin baƙi. Bai taɓa aure ba, a gidan ya rasu a 1896. Ni dai ina ta tunanin inda 'yan'uwa ke kwana in sun zo.