Dunƙulen cakulan na gyaɗa da waken suya

Ƙanina ne ya shigo mana gidan nan da maganar furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki. Tun da ya fara zuwa gidan motsa jiki, ba a ajiye masa kwanon abinci bai ce, "Yaya, wannan akwai furotin kuwa?" ba. Kuɗin aljihunsa kuma duk suna ƙarewa a kan wasu 'yan sandunan cakulan na ƙasar waje da ake jerawa kusa da mai karɓar kuɗi a manyan kantuna. Na karɓi ɗaya na karanta bayan ledar. Furotin ɗin daga madara da waken suya aka ciro shi, sauran kuwa gyaɗa ce da garin koko da abin zaƙi. Babu ɗaya a ciki da babu shi a Kano. Waken suya buhu-buhu ne a kasuwar Dawanau, madarar gari da garin koko na cakulan suna kasuwar Singa, gyaɗa kuwa ai ba sai an faɗa ba. Sai na ce bari in haɗa nawa a gida.

Ga lissafin da ya sa na tsaya a kan waɗannan. A kowane giram 100, busasshen waken suya yana da furotin kusan giram 36, madarar gari mai maiƙo wajen 26, gyaɗa 25, riɗi 18. Garin koko zalla, wanda ba a sa masa sukari ba, shi ma yana kusa da 20, sai dai cokali kaɗan ake zubawa, don haka ɗanɗano da launi ne aikinsa. Dabino kuwa, duk albarkarsa, bai fi giram 2 ba. Na kawo wannan ne don na sha ganin ana kwaɓa dabino da Milo, a mulmula, a ce ga abin gina jiki. Daɗi kam akwai, kuma mutum zai ji ƙarfi nan take, amma Milo da Bournvita sukari da tsiron hatsi sun fi koko yawa a cikinsu. In gina jiki ake nema, wake da gyaɗa da madara ne za su ɗauki nauyin.

Aikin gaba ɗaya a wajen waken yake, kuma a nan mutane da yawa suke fasawa. Ɗanyen waken suya yana da gafi, wanda in ya shiga abu ko koko nawa kika zuba ba zai ɓoye shi ba. Bayan gafin akwai abin da ya fi shi: ɗanyen waken yana ɗauke da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin, kuma zafin wuta ne ke karya shi. Saboda haka ba a niƙa shi ɗanye a zuba a abin da ba za a dafa ba.

Ni tsincewa nake fara yi, in fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓu, in wanke, in shanya a faifai ya bushe ƙarau. Sai in ɗora kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, in yi ta juyawa. Yana ɗaukar minti ashirin ko fiye, gwargwadon yawansa da ƙarfin wutar. Kada ki yarda da launin waje kawai, don wake yana iya yin ja a baya alhali cikinsa fari ne fat. Ɗauki ƙwaya ɗaya ki bari ta huce, ki fasa da haƙori. In ta fashe ƙaras, cikinta ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshin ya koma irin na soyayyar gyaɗa, to ya yi. In ya wuce nan ya fara baƙi, ɗaci zai yi, ga koko ma da nasa ɗacin. Bayan ya huce sai in ɓarza shi sama-sama a turmi, in bakace ɓawon, in aika inji.

Maganar inji kuwa, uwargida, ki aiki yaro mai wayo. Ya tabbatar ba yaji ko daddawa aka gama niƙawa ba, ko ya ce wa mai injin ya fara zuba ɗan hatsi ya share cikinsa. Cakulan mai ƙamshin daddawa ba mai cinsa. In ya dawo ki tankaɗe da rariya mai laushi, tsakin ki ajiye don kunu.

Gyaɗa ba ta da wuya, amma ita ma tana son tsinta, kuma ba don tsakuwa kaɗai ba. Duk ƙwayar da ta yamutse, ta yi baƙi, ko kika ga alamar fumfuna a jikinta, zubar da ita. Irin wannan fumfunar tana fitar da gubar da likitoci ke kira aflatoksin, wadda ke lalata hanta a hankali, kuma suya ba ta kawar da ita. Gyaɗar da aka adana a wuri mai laima ta fi yinta. Da damina ma nakan ƙara ɗan kuɗi in sayi wadda na yarda da ita. In kin soya kin murje ɓawon, sai ki niƙa ta yi laushi har mai ya fara tasowa, kamar dai za ki yi kunun gyaɗa.

Awon da nake yi shi ne niƙaƙƙiyar gyaɗa giram 200, garin wake giram 100, madarar gari giram 100, garin koko giram 40, dabino da aka cire wa ƙwallo giram 150, da gishiri ɗan kaɗan. Wadda ba ta da sikelin kicin ta auna da gwangwanin madara: gyaɗa biyu kafin a niƙa, garin wake ɗaya da ɗan ƙari, madara ma haka, koko rabi. Kada ki bar gishirin. Shi ke fito da ɗanɗanon koko, in babu shi abin sai ya yi salam.

In dabinon busasshe ne, irin wanda ake kawowa daga Nijar, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, ki tsame, ki matse ruwan sosai, ki daka a turmi ya zama kamar ƙulli. Mai laushin nan na Makka ba ya buƙatar jiƙo. Sai ki zuba gyaɗar a kai ki ci gaba da kirɓawa. Garin wake da madara da koko ki fara haɗa su a kwano daban, sannan ki riƙa barbaɗawa a turmin kaɗan-kaɗan. Blanda ba ta son wannan aikin, nauyi yake mata, turmi ya fi. Duk wadda ta taɓa yin dakuwa ta san lokacin da za ta ajiye taɓarya: in kin damƙa a hannu ya haɗe, bai warwatse ba, bai kuma manne ba. In ya yi bushi ki ƙara cokalin man gyaɗa ko zuma, in ya yi laushi ki ƙara madara. Ruwa dai ba ya shiga.

Wannan awon yana ba ni dunƙule ashirin, kowanne wajen giram 30. In aka tara furotin ɗin duka ya kai giram 120 da ɗoriya, wato kowane dunƙule yana da kusan giram 6, daidai da ƙwai ɗaya. Nakan birgima rabi a soyayyen riɗi, rabi a garin koko. Yara na riɗin suke wawa, Abbansu kuma mai ɗacin yake so da shayin dare. Wani lokaci ina sa ɗan garin citta ko kirfa. Kanumfari dai bai shiga raina ba a nan, yana danne komai.

Akwai wata hanyar da na fi so ma, ta garin ƙuli-ƙuli. Tunda an matse mai daga gyaɗar, abin da ya rage furotin ɗinsa ya fi na gyaɗar kanta yawa, maiƙonsa kuma ya ragu. Ki nemi ƙuli marar yaji a wajen masu yin mai, ki daka ya yi gari, ki maye rabin gyaɗar da shi. Za ki ƙara ɗan mai ko zuma don ya kama jikinsa. Tunkuza ma tana yi, amma da ruwan zafi ake matse ta, don haka tana saurin tsami. Sai dai ki fara busar da ita a kasko. Wannan haɗin ba na mulmula shi. Faranti nake shimfiɗa wa leda, in danne shi da bayan cokali, in yanka dogaye-dogaye kamar alawar madara.

Sai maganar lulluɓe shi da narkakken cakulan, yadda ake gani a hotuna yana ƙyalli. Man da ke cikin cakulan yana narkewa a wajen digiri 34, shi ya sa yake narkewa a baki. Kano kuwa a watan Afrilu zafi yana haura 40. Ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, don haka da bazara ban ma fara ba. Da hunturu ne nake yi. Man kwakwa yana daskarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, saboda haka in kin narka cokali uku kin haɗa da koko cokali uku da garin sukari kaɗan, kin tsoma dunƙulen kin jera a tire da daddare, da asuba za ki tarar ya kama ko babu firij. In cakulan ɗin kanti za ki narka, ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, kada ya taɓa wuta, kuma ki kula ko ɗigon ruwa kada ya faɗa ciki, nan take zai cure ya zama gudaji.

Garin koko ya yi tsada, kuma ba laifin 'yan Singa ba ne. A 2024 farashin tan ɗaya a kasuwar duniya ya haura dala 10,000, saboda rashin kyawun yanayi da cututtukan bishiya a Gana da Kodebuwa, ƙasashe biyun da ke noma fiye da rabin kokon duniya. Mu ma muna nomansa, jihar Ondo ce kan gaba, amma yawanci ɗanye ake fitar da shi, mu dawo mu sayi gwangwani da tsada. Abin haushi. In za ki saya a awo ki lasa tukuna: na gaske ɗaci gare shi, in kin ji zaƙi to an haɗa shi da wani abu. In kuɗin ya yi miki nauyi ki rage shi zuwa giram 25, ɗanɗanon gyaɗa zai fi fitowa, furotin ɗin kuma kusan bai canza ba.

Dunƙule biyu nake sa wa kowane yaro a jaka in za su tafi Islamiyya bayan an taso daga boko, don lokacin ne yunwa ke kai su wajen mai alawa. Da azumi kuma yana riƙe ciki in an ci da sahur. Amma abu ne mai maiƙo da zaƙi, ba a zama a cinye faranti. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana buƙatar furotin wajen giram 48 a rana, kuma yawancinsa daga tukunya ya kamata ya fito: wake, kifi, ƙwai, nono, awara. Mai ciwon suga ya yi hattara da dabinon. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma. Yaron da gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin baki kuwa kada ya kusance shi ko kaɗan.

A firij yana yin mako a roba mai murfi. A waje, in da jiƙaƙƙen dabino kika yi, kada ya wuce kwana biyu ko uku, saboda laimar da ke jikinsa. Wanda aka haɗa da zuma ko dakakkiyar mazarƙwaila a maimakon dabino ya fi daɗewa, shi nake yi wa mai tafiya makarantar kwana. Garin waken kuwa ki soya da yawa tun farko, kamar rabin kwano, ki zuba a kwalba mai murfi ki ajiye inda rana ba ta taɓawa. In kin buɗe kin ji warin tsohon mai, ya tashi aiki, sai a soya sabo.