Hajiya, fesa masa in gani

Na yi shekaru a ɗakin duba yara ina yi wa iyaye mata tambaya guda: "Kina ba shi maganin?" Amsar kullum ɗaya ce: "Ina ba shi, Sista." Sai in rubuta a kati, in kira na gaba.

Wata uwa ce ta raba ni da wannan tambayar. Lokacin hunturu ne, ƙura ta lulluɓe Kano, bencinmu cike da yara masu fuka. Ɗanta mai shekara shida ya dawo karo na uku cikin wata guda, ƙirjinsa na kuka kamar usur, har likita ya fara maganar ƙara masa ƙarfin magani. Ban san abin da ya sa ba, na ce, "Hajiya, fesa masa in gani." Ta ciro inhela, ɗan gwangwanin maganin fuka da ake fesawa a baki, daga jaka, ba ta girgiza ba, ta ce ya buɗe baki, ta danna sau biyu a jere daga nesa kamar mai fesa turare. Hayaƙin ya bi iska, yaron ya haɗiye yawu. Wata uku tana haka safe da dare, ba fashi. Kunya ta rufe ni, domin ni na miƙa mata inhelar ranar farko, kuma bayanina bai wuce "biyu da safe, biyu da dare" ba.

Inhelar dannawa tana fitar da magani da gudu, dole dannawa da jan numfashi su zo tare. Manya da yawa ma ba su iya ba, balle yaro. Shi ya sa ake jona mata bututun da muke kira sifesa, inda maganin yake ɗan tsayawa yaro ya ja shi a natse. A girgiza, a danna sau ɗaya tak, ya yi numfashi biyar ko shida, a dakata kamar rabin minti, a sake girgizawa kafin na biyu. Ƙananan da ba su iya kama bututun da leɓe ba, sai an haɗa musu da abin rufe hanci da baki.

Sifesa ta kanti tana da tsada, ba kuma kowane kemis ke da ita ba. Amma tun 1999 Heather Zar da abokan aikinta a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar roba mai cin mililita 500 tana aikin kusan daidai da ta kanti. Ranar na huda gindin gorar ruwa daidai bakin inhelar, na cusa ta, yaron ya kama bakin gorar yana dariya. Na gaya wa uwar ta riƙa wanke ta da ruwan sabulu ta bar ta ta bushe da kanta, kada ta goge da tsumma, domin gugar na sa maganin manne wa jikin robar.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne inhela mai ruwan ƙasa. Shuɗiyar, salbutamol, tana buɗe hanyar iska cikin mintoci, kowa na ganin aikinta. Mai ruwan ƙasar kuwa, beclomethasone, kumburin cikin hanyar iskar take kwantarwa a hankali, sai an yi kwanaki ko makonni, don haka da yaro ya fara wasa sai a jefa ta cikin durowa. Ga kakanni a gefe suna cewa zai saba da ita, gara sirop ko allura. Nakan ce, "Inna, ba ta sa sabo. Ta kullum ce kamar asuwaki, ko yana lafiya. A dai kurkure masa baki bayan kowace fesawa."

Yanzu ina rubuta kwanan wata a jikin gwangwanin. Mai fesawa 200, in ana yin huɗu a rana, kwana 50 zai yi, kuma bayan nan yana iya ci gaba da fitar da iska alhali maganin ya ƙare. Idan uwa ta dawo bayan wata uku da gwangwani mai nauyi, ba na faɗa, sai in tambaye ta wa ke ba shi na safe in ta tafi kasuwa.

Hajiyar nan ta dawo bayan mako shida da gorarta a jaka, duk ta lanƙwashe. Yaron yana kwana ba tari. Ta yarda ta daina kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin, ta koma gidan sauro. Turaren wuta ne dai har yau muke ja-in-ja a kai.